Ina za ta sauke kayanta? Magana kan iyayen da ke riƙe da yara su kaɗai a Arlit da Akokan

 

Maganar yau ta shafi wadda kowa a nan ya san irinta: uwar da ke riƙe da yara biyu ko uku ita kaɗai, ko don maigida ya rasu, ko an rabu, ko ya tafi Jado ko Cibarkaten neman zinariya labari ya yanke. Akwai kuma uban da matarsa ta rasu ta bar masa ƙanana. Zan fi cewa "ita", amma maganar har da shi. Ranar da tashi ya kama ta daga gidan da take, ina za ta sauke kayanta? Yawancinku matasa ne, ku ke karanta takardu a gida, ku ke riƙe da waya, ku ake tambaya. To, ya kamata ku san abin da za ku faɗa.

Mu fara da garin kansa. Arlit ba ta taso daga kasuwa ko rijiya ba kamar sauran garuruwanmu, uraniyom ne ya kafa ta. An kafa SOMAIR a 1968, garin ya biyo baya a 1969, aka fara fitar da ma'adini a 1971. COMINAK ta zo a 1974, ta fara aiki a 1978 a ramin ƙarƙashin ƙasa na Akuta, Akokan ta girma a gefenta. Tun farko gari biyu aka gina a wuri ɗaya. Ga gidajen kamfani masu ruwa da wuta da likita, ga kuma unguwannin da jama'a suka gina wa kansu, irin su Bukoki. A gidan kamfani, mabuɗin ɗaki yana rataye ne da aikin mutum ɗaya. In aikin ya tafi, ko mai aikin ya tafi, mata da yara ke kwana da tunanin rufin da za su shiga.

Aikin kuwa ya sha tafiya. Mahaƙar Azelik ta kusa da Ingal ta tsaya shekaru da dama da suka wuce. Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe, ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan ƴan kwangila waɗanda suka yi ta kukan ba su samu irin sallamar da ma'aikatan kamfani suka samu ba. A Yunin 2024 gwamnati ta karɓe lasisin Imuraren daga hannun Orano, a Yunin 2025 ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Kowa na da ra'ayinsa kan waɗannan, ba shi ya tara mu ba. Abin da ya shafe mu shi ne kowace girgiza a mahaƙa tana isa har tukunyar mai tuwo-tuwo, da mai wankau, da mai sayar da ƙanƙara. Uwar da ke ciyar da yara da kuɗin aljihun ma'aikata dole ta sa wannan a lissafinta.

Hanya uku ke gabanta. Ko ta zauna ta sake unguwa, ko ta gangara kudu, Agadas ko Tawa ko Damagaram ko ƙauyen iyaye, ko ta haura arewa.

Bari in fara da ta arewa, don ita ce mai cin rai. A ƙarshen Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Daga nan Arlit suka tashi za su Tamanrasat, motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu daga yankin Kance suka fito, iyaye mata ne da goyonsu. Waɗanda suka isa ma, da yawa ana kwaso su a dawo da su ta Asamaka, hannu banza. In ƴar'uwarka ta ce za ta bi wannan hanya da yara, kada ka tsaya ga yi mata faɗa. Yunwa ce ke tura ta, faɗa ba ya ƙosar da kowa. Ka zauna da ita ku duba sauran hanyoyi biyun da gaske.

Ko zama za ta yi ko tafiya, tambayar farko ita ce mutane. Wa zai riƙe yaro in ta tafi kasuwa? Wa za ta ƙwanƙwasa wa ƙofa ƙarfe biyu na dare in zazzaɓi ya tashi? Mai aure tana da wanda za ta bar wa gida, ita kuwa hannu biyu ne kawai. Ɗaki ɗaya a gidan haya kusa da inna ko yaya ya fi ɗaki biyu da tsakar gida a ƙarshen gari inda ba ta san kowa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma a faɗi gaskiya, kusancin dangi ma yana da farashi. Akwai gidan da za a karɓe ki, wata uku ba su cika ba an fara maganar wanda zai aure ki, ko a ce a raba yaran tsakanin baffanni. Saboda haka kafin a ɗaure kaya, a yi magana a fili: har yaushe, da wane sharaɗi, wa ke ciyarwa.

Na biyu, ruwa da wuta. Nan ba ƙasar damina ba ce. Ruwan da muke sha daga ƙarƙashin ƙasa yake, tsohon ruwa ne da ya taru tun dubban shekaru, kuma ba ya komawa yadda ake ɗibarsa. Wutarmu daga SONICHAR take zuwa, daga gawayin yankin Cirozerin, in ta ɗauke, famfo ma ya kan yi shiru. To, kada a tambayi mai gida ko akwai ruwa, zai ce akwai. A tambayi matan maƙwabta: sau nawa famfo ke kawowa a mako? Jarka nawa suke saye wajen ƴan garuwa a watan Afrilu da Mayu? Sai a haɗa wannan da kuɗin haya. Sau da yawa gidan da ya fi arha a baki shi ya fi tsada a ƙarshen wata.

Na uku ya keɓanta da garuruwanmu, wanda ke neman gida a Maraɗi ba ya wannan tambaya: da me aka gina gidan, kuma ina yake kallo? Tun Disambar 2003 masana na CRIIRAD daga Faransa suka zo nan bisa gayyatar ƙungiyar Aghirin'man ta Almustafa Alhasan, wanda ya samu kyautar Nuclear-Free Future a 2017. Sun nuna cewa ƙarafan da suka fito daga mahaƙa, masu ɗauke da gubar uraniyom, suna yawo a kasuwa. A Nuwamban 2009 Greenpeace ta auna titunan Akokan, ta samu wurin da tururin ya ninka na al'ada kusan sau 500, kuma cikin samfurin ruwa biyar, huɗu sun wuce ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Kamfanin ya musanta wani ɓangare na abin da aka faɗa kan lafiya, an kuma kwashe ƙasar wasu wuraren daga baya. Amma tulin dattin da COMINAK ta bari, wanda CRIIRAD ta ƙiyasta tan miliyan 20, yana nan kilomita kaɗan daga gari, an dai fara aikin rufe shi.

Wannan guba ba ta da wari, ba ta da launi, ido ba ya ganinta. Yaro kuma shi ya fi kusa da ita, don a ƙasa yake rarrafe, hannu daga ƙura sai baki. Ban ce kowane gida a Akokan ko Arlit yana da ita ba, kar a fita a ce na ce. Na ce a tambaya. Ƙasar da aka cike tsakar gida da ita, daga ina aka ɗebo? Ƙarfen rufi da na ƙofa, sabo ne ko na bola? Ɗakin yana da taga biyu da iska ke ratsawa? Akwai iskar da ake kira radon, daga ƙasa take fitowa, tana taruwa a ɗakin da yake rufe kullum, buɗe taga yana rage ta. Kada a ajiye ruwan sha a ganga ko bututun da ba a san asalinsa ba, kada a dafa wa yara abinci a tukunyar da aka zuba da ƙarfen da ba a san inda ya fito ba. In akwai shakka, a nemi ƙungiyoyin da ke da na'urar aunawa. Rigakafi ya fi magani.

Na huɗu, likita da makaranta. Tun 2006 dokar ƙasa ta ce kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ce a likitocin gwamnati. Dukanmu mun san wani lokaci za a rubuta maka magani a ce ka saya a waje, amma haƙƙi ne, a neme shi. A auna nisan gida da likita da ƙafa, da yaro a baya, ba a kan babur ba. A kuma tuna cewa in ciwo ya fi ƙarfin nan, Agadas ce, kusan kilomita 240, a kan hanyar da kowa ya san halin da take ciki. Uwar da ke da yaro mai sikila ko mai ciwon da ke yawan tashi, wannan kaɗai ya isa ya sa ta fifita Agadas, inda akwai babbar likitar jiha da cibiyar uwa da yaro. Makaranta kuwa, in da hali a tashi lokacin babban hutu, kafin komawar Oktoba, kuma a karɓi takardar canjin makaranta daga hannun darakta kafin a hau mota. Yaron da aka cire tsakiyar shekara ba takarda, sau da yawa shekarar ta tafi, wani ma daga nan ya bar boko ke nan.

Na biyar, takardu. Takardar haihuwar kowane yaro, katin rigakafi, takardar aure, takardar saki ko ta rasuwa. Doka ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa, in ya wuce sai an bi ta kotu. Gyara wannan a Arlit, inda aka haifi yaron kuma shaidu ke kusa, ya fi sauƙi a kan dawowa daga Damagaram saboda takarda ɗaya. Wadda mijinta ya yi aikin albashi aka yanka masa kuɗin CNSS, ita da marayunta suna iya samun haƙƙi a can. Ta je ta tambaya, ta buɗe fayil kafin ta bar gari. Ku matasa, nan ne amfaninku: ku raka ta, ku karanta mata, ku ɗauki hoton kowace takarda a waya.

Akwai kuma maganar da ake jin kunyar yi: yaran na wa ne in an tashi? Nijar ba ta da dokar iyali guda ɗaya da ta game kowa, al'ada da addini ke yanke yawancin irin wannan shari'a. Uwar da ta kwashe yara ta yi nisa ba da sanin uba ko danginsa ba, za ta iya wayar gari an zo ɗaukarsu. A zauna gaban mai unguwa, ko limami, ko alƙali, da shaidu, a rubuta: yara suna wajen wa, wa ke biyan ci da sutura da makaranta, yaushe za su ziyarci dangin uba. Ku kuma maza, sakin uwa ba sakin ƴaƴa ba ne. Al Izza da Nita suna kai kuɗi ko'ina, nisa ba hujja ba ce.

Na ƙarshe, abin yi. Kada ta tashi don an ce can akwai. Hangen Dala ba shiga birni ba. In da hali ta fara zuwa ita kaɗai mako ɗaya ko biyu, ta ga kasuwar, ta ga ko sana'arta tana da masu saye. Komawa ƙauye yana sauke mata haya, amma mai ɗinki ko mai soya ƙosai tana bukatar jama'a masu kuɗi a hannu. Agadas tana da kasuwa da makarantu har jami'a, amma haya tana cizo. Zama a nan yana bar mata abokan ciniki da maƙwabtan da ta sani, amma ya bar ta a jingine da mahaƙa ɗaya. Babu amsa ɗaya ga kowa. Shawarata dai, kada ta tashi sai tana da kuɗin hayar wata uku a ƙulle, kuma duk inda ta sauka ta nemi adashe ko ƙungiyar Mata Masu Dubara, tsarin da ya faro a jihar Maraɗi tun 1991. Wadda ke cikin takaba kuwa, a bar ta ta cika wata huɗu da kwana goma. Kada dangi su yanke mata wurin zama tun hawaye bai bushe ba.

To, mu me ya rage mana? Kowace unguwa a samu matasa biyu ko uku da suka san gidajen haya, suka san masu gidan da ke karɓar bazawara da yara ba wulaƙanci. Don mun sani, akwai masu cewa ba sa ba mace marar miji haya, kuma wannan abin kunya ne gare mu duka. Mu tambayi magajin gari da hukumomin ma'adinai sakamakon aunawar da aka yi a unguwanni, a manna shi inda kowa zai gani, da Hausa da Tamajak. Yanzu da aka ce mahaƙar ta ƙasa ce, tambayar ta ƙara zama haƙƙinmu. Kuma duk wanda ya ji wata na shirin hawa motar arewa da yara, ya je wajenta tun yau, kada ya jira gobe.

Allah ya raya mana yaranmu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba iyayen da ke ɗauke da wannan nauyi su kaɗai mafita ta alheri.