MAFARKIN GIDA DA MASU FASSARA SHI
Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

 

An nemi in yi magana a kan mafarki, har wani aminina ya yi dariya ya ce me ya haɗa ƙungiyar raya gari da abin da ake gani a barci? Amsar da na ba shi ita ce: duk wanda ya daɗe a birni a cikinmu ya san mafarkin gida. Mutum yana kwance a Legas, sai ya gan shi ya haye gadar Wudil ya miƙi hanyar Gaya, ko yana tsaye a zauren gidansu a Toranke ko Kademi, ga mahaifinsa da ya rasu shekara goma yana miƙo masa fartanya. Ya farka, ƙanshin ƙasar damina bai bar hancinsa ba. Abin da yake yi da wannan mafarki bayan gari ya waye, shi ne ya shafi ƙungiya.

Addini bai bar mu a duhu ba. Hadisi ya kasa mafarki gida uku: bushara daga Allah, tsoratarwa daga Shaiɗan, da zancen zuci, wato abin da mutum ya wuni yana saƙawa. Wanda ya ga abin da ya ƙi, an umarce shi ya yi tofi sau uku ta hagunsa, ya nemi tsari, ya juya kwanciya, kuma kada ya faɗa wa kowa. Ku riƙe wannan na ƙarshe, zan komo kansa.

Tarihinmu ma yana da nasa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ba da labarin abin da aka nuna masa a 1794, yana ɗan shekara 40, inda Shehu Abdulƙadir Jilani ya rataya masa takobin gaskiya. To, amma ku lura: bai tashi washegari ya ɗaura yaƙi ba. Ya ci gaba da karantarwa da wa'azi a Degel har shekara goma, sai a 1804 ya yi hijira zuwa Gudu, kuma hujjojin da ya kafa a littattafansa daga Alƙur'ani da Sunna da maganganun malamai ya ciro su. In Shehu bai gina hukunci a kan abin da ya gani ba, ina ga ni da kai?

Masana barci kuwa sun ƙara mana wani haske. A 1953, a Jami'ar Shikago ta Amurka, Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman suka gano wani mataki na barci da ƙwayar ido ke kai-komo da sauri a ƙarƙashin fatarta, kuma a nan ne ake yin mafarkai masu kama da zahiri. Matakin yana dawowa kamar kowane minti 90, yana ƙara tsawo wajen ƙarshen dare. Shi ya sa wanda ya koma barci bayan Asuba yakan tashi da dogon labari a kansa. Zazzaɓi ma yana ƙara wa mafarki kaifi, haka wasu magunguna. Saboda haka tsananin fitowar mafarki ba shaida ba ce ta gaskiyarsa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ɗan'uwanmu ya yi mummunan mafarki a lokacin da kasuwa ta juya masa baya, maimakon ya yi shiru kamar yadda aka umarta, sai ya kai wa wani mai buga ƙasa, ko mai riƙe da ɗan littafin da ake jingina wa Ibn Sirin, wanda masana da dama ke ganin ba shi ya rubuta ba. Fassarar kusan kullum ɗaya ce: da hannun wani a gida. Ba a taɓa cewa mutumin Legas ne, sai dai kishiyar uwa, ko baffan da ke noma gonar gado. Mai fassara ya karɓi kuɗinsa, zumunci ya biya sauran.

Na san wani, ba zan kama suna ba, da ya ga gwaggonsa a mafarki tana ba shi fura a baƙar ƙwarya. Aka ce masa sammu ne. Shekara biyar bai taka Ajingi ba, ya daina aike, ya hana 'ya'yansa zuwa hutu. Da ta rasu, ya je gaisuwa don gudun surutu, aka shigar da shi ɗakinta. A ƙarƙashin gado aka jawo wata tukunya: kuɗin rabonsa na gero da gyaɗa ne na shekara biyar, kowace shekara a ƙulle daban cikin tsumma. Ta yi ta cewa a ajiye wa yaronta, ai aiki ne ya riƙe shi.