Katin Asibiti da Fom ɗin Intanet: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai

 

An ce in yi magana a kan sana'ata, wato gina shafukan intanet. Na zaɓi abin da ya shafi gidan kowannenmu, cike fom. A zamaninmu da biro muke cike fom ɗin JAMB. Yau kuwa, tun daga 2015, jarrabawar ma kanta a kwamfuta ake yin ta. Yaron Shinkafi ko Zurmi mai neman gurbi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Kaura Namoda, dole ya zauna gaban kwamfuta.

Kwanan baya ɗiyar ƙanena ta je wani shagon intanet cike fom ɗin makaranta. Ta gama shafi uku, sai ta koma gida ɗauko lambar takardar sakamakonta. Kafin ta dawo, duk abin da ta rubuta ya goge. Saura kwana guda a rufe, ta zo mini tana kuka.

Ga dalili. Babbar kwamfutar da ke riƙe da shafi mantuwa gare ta. Duk shafin da ka buɗe, baƙo take ɗaukar ka. Ku tuna katin asibiti. Fayil ɗinka yana can wurinsu, kai lamba kawai ke hannunka. Haka ake yi a nan. Da ka cike shafin farko, sai a buɗe maka fayil na wucin gadi, wanda muke kira seshan, a zuba sunanka da sauran bayanai. Lambarsa kuma a ajiye ta cikin na'urarka, a wani ɗan abu mai suna kuki, wanda Lou Montulli na kamfanin Netscape ya ƙirƙiro a 1994. Da wannan lamba shafi na biyu ke gane ka.

Sai dai fayil ɗin ba ya daɗewa. A harshen PHP, in maginin shafi bai canza ba, bayan minti 24 ba motsi ana iya share shi.

Don haka ku gaya wa 'ya'yanmu abu biyu. Na farko, su haɗa takardunsu duka kafin su zauna. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, in sun gama a shago su danna wurin fita. Wanda ya tashi bai fita ba, ya bar katinsa a kan tebur. Mai zama bayansa zai iya buɗe fayil ɗinsa, har ya canza abin da ke ciki.

Ita dai yarinyar, mun sake cikewa tare a daren, kuma ta samu shiga.

Malamanmu da suka koya mana karanta umarni kafin ɗora biro, Allah ya saka muku da alheri.