Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Nazarin Ƙasan Teku

 

Ya ku ɗalibai, aikin da ke jiran ku ba kaɗan ba ne. A 2017, da aka ƙaddamar da shirin awon ƙasan teku na Seabed 2030, kashi 6 cikin 100 kacal na ƙasan tekunan duniya aka auna da na'urorin zamani. Har yau ba a kai kashi ɗaya bisa uku ba. Gaɓar tekun Najeriya kuwa ta kai kilomita 853, kuma a 2021 rundunar sojan ruwa ta karɓi NNS Lana, jirgin awon ƙasan teku da aka ƙera a Faransa.

Sai dai awon zurfi somin-taɓi ne. Na'ura za ta aika sauti, ya ratsa ruwa da gudun kimanin mita 1,500 a daƙiƙa, ya dawo da labarin zurfi, ƙarfin amonsa kuma ya nuna dutse ne, yashi ko taɓo. Amma sai kun zura kyamara, kun ɗebo laka kun duba, kafin ku ce nan mazaunin jatan lande ne, can kifi ke zuba ƙwai. Yadda manomi ba ya haɗa fadama da jigawa, haka kowane yanki na ƙasan teku yake da irin halittun da yake rayawa.

Da taswirarku hukuma za ta raba gurbi tsakanin bututun mai, masu yasar yashi, manyan jiragen kamun kifi, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, irin waɗanda suka katse a Maris 2024, har sadarwa ta taɓarɓare a Afirka ta Yamma. Abin da ke damuna shi ne masunci mai ɗan kwale-kwale. Ba ya zaman teburin shawara. In wurin sana'arsa bai fito a taswira ba, an ci haƙƙinsa ke nan.

Don haka ku je garuruwan gaɓar teku irin su Badagry da Bonny, ku zauna da masunta, ku saurare su. Kada ku zana abin da ba ku tabbatar ba, ko wa ya matsa muku. Ga hukumomi kuma, ina roƙon a ba yaran nan jirgi da kayan aiki, a buɗe musu bayanan da aka riga aka tattara.

Allah ya yi muku albarka, ya mayar da kowa gidansa lafiya.