Dashen Haƙori: Me Ke Sa Turkensa Ya Kafu?

Yau maganarmu a kan dashen haƙori ce.

Kada ku ɗauka shi ne haƙorin Makka, wanda a ke lulluɓa wa haƙori mai rai. Wannan na mai giɓi ne. Likita ya kan kafa ɗan turken ƙarfe cikin ƙashin muƙamuƙi, daga baya ya ɗora haƙori a kai. Sunan ƙarfen titaniyam. Wani likitan ƙasar Suwidin, Branemark, shi ya gano ƙashi na manne masa, ya fara dasa wa mutum a 1965.

To, ku lura. Kafin ƙashi ya manne, wajibi ne turken ya tsaya kyam tun ranar farko. In yana girgiɗi, tsoka ce za ta kewaye shi maimakon ƙashi, aiki ya ɓaci, kuɗi su tafi.

Kowa ya san turken akuya a jigawa ba ɗaya ya ke da na ƙasa mai tauri ba. Haka ƙashi ya ke. Na muƙamuƙin sama, musamman wajen turame, ya fi taushi. Na ƙasa ya fi tauri. Shi ya sa a ke yi wa turken murɗi, kamar ƙusar da kafinta ke ɗaurawa da sukundireba. A ƙashi mai taushi, likita ya kan zaɓi mai tsini kamar karas, mai zurfin murɗi, don ya matse ƙashin ya kama sosai. A mai tauri kuwa, matsi in ya yi yawa ya kan kashe ƙashin, don haka sai a sassauta.

Ba a yin wannan aiki a ɗakin shan magani, balle a kasuwa. Ku fara ganin likitan haƙori a babban asibiti, a ɗauki hoton ƙashin tukuna. Mai ciwon sukari da mai shan taba su faɗa masa gaskiya, gama waɗannan na hana warkewa.

In an dasa, ƙashi ya kan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin ya riƙe. Kafin nan kada a tauna goro ko rake a wurin, kuma a riƙa tsabtace baki kullum.

Allah ya ba mu lafiya, amin.