BAZARA A ƘASAR BIRNIN GWARI: A SAUSAUTA WA KAƊANYA DA ƊORAWA

Jawabin wannan wata, domin karantawa a azuzuwan yaƙi da jahilci da dandalin ƙauye



Duk wanda ya tashi a ƙasar Birnin Gwari ya san bazara ba sai an faɗa masa ba. Daga watan Maris zuwa farkon Mayu rana takan buɗe wuta. Rafuka su janye, sai an yi tono cikin yashi kafin a sami ruwa. Ɗaki ba ya kwantuwa, kowa ya fito da tabarmarsa tsakar gida. Da rana tsaka tsofaffi suna gindin mangwaro da mahuci a hannu, awaki na haki a jikin katanga, kaji sun buɗe baki sun saki fukafukai.

Amma mai lura zai ga cewa daji ya riga mutane shirin damina. Tun ba a yi ɗigo ɗaya ba, doka da maje sun fitar da sabon ganye, ja-ja da farko, daga baya ya koma kore shar. Shamuwa ta iso, ta fara tara ƙirare a kan dogon icen da ke bakin gari. Da yamma hadari ya taso daga gabas, iska ta kwashi ƙura da yayi, a yi ta tsawa, sai kuma ya watse. Ranar da ruwan farko ya sauka, ƙamshin ƙasa ya cika gari, kwaɗi su kwana suna kuka, yara su fito da kwanoni suna kama shinge a gindin fitila.

A wannan lokaci ne maƙera ke kwana a kan aiki, ana ƙera fartanya da garma. Daga Kuyello zuwa Dogon Dawa, daga Randagi zuwa Kakangi, magidanta na sharar gona, ana duba irin masara, da dawa, da shinkafa, da waken soya. A nan ne kuma rumbu ya yi ƙasa. Hatsin bara ya kusa ƙarewa, na bana kuwa ko shuka shi ba a yi ba.

To, a daidai wannan gaɓa Allah ya ajiye wa talaka itatuwa biyu. Ɗorawa tana nuna ne cikin bazara. Yara su sha garinta, mata su dafa kalwa su yi daddawa, a sa a miya, a kai saura kasuwa. Da ruwa ya fara zama kuma, sai kaɗanya ta fara zubar da 'ya'ya. Tun da asuba mata da 'yan mata ke fita tsinta. Mai noma ya sha 'ya'yan kaɗe ya kashe yunwa a bakin kunya, ƙwarar kuma a shanya ta, a daka, a fitar da man kaɗe na girki da shafawa da sabulu. Gidaje da yawa da kuɗin daddawa da man kaɗe suke sayen gishiri, da maganin zazzaɓi, da littafin yaro, har kaka ta yi.

Ba ƙaramar daraja wannan ice yake da ita ba. A ƙasashen Turai da man kaɗe ake haɗa man shafawa da cakulan. A watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗe zuwa waje na tsawon wata 6, domin a riƙa sarrafa ta a gida.

Abin da ya kawo wannan jawabi shi ne gatari. Kowa ya san wahalar da ƙasar nan ta sha. Shekaru masu yawa 'yan bindiga suka hana noma, aka bar gonaki, wasu ƙauyukan suka tashi. A ƙarshen shekarar 2024 aka yi sulhu ƙarƙashin Gwamna Uba Sani, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari. Manomin da ya koma gonarsa bayan irin wannan rabuwa yakan tarar ta zama saura. Hannunsa babu kuɗin taki, ga mai sayen gawayi a bakin hanya da kuɗi a aljihu. Kaɗanya kuwa gawayinta na da kyau, shi ya sa ita ake fara nuna wa gatari.

Sai dai a yi lissafi. Kaɗanya takan kai shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, amma in ta fara, har jikoki sai sun ci. Mai gatari zai kayar da ita kafin azahar. Kuɗin gawayin ba zai kai kasuwa biyu ba, matar gida kuma ta rasa abin tsinta har abada. Ƙasar ma tana asara, domin saiwar ice ke riƙe ta, ganyen da ya zuba kuma taki ne. Inda aka yi wa gona aski, ruwan Agusta ne zai kwashe ƙasa mai kyau ya zuba a rafi, ya bar zaizaya.

Magabata sun san haka. Tun a 1936 aka keɓe dajin Kamuku a ƙarƙashin En'e ta Birnin Gwari, a 1999 kuma ya zama gandun daji na ƙasa, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,100. An san shi da giwa, da gwanki, da gwaggon biri, da tsuntsaye iri-iri. Amma gandun gwamnati ba zai wadatar ba in gonakin da ke kewaye da shi sun zama fili fetal.

Akwai darasi daga 'yan'uwa manoman Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 sun koma ga abin da suke kira sassaben zamani. In kututture ya yi tofo, ba a ƙone shi. Sai a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Ta haka gonakin da suka bushe suka sake yin itatuwa, ba tare da an sayi dashe ba. In an yi haka a bakin hamada, ina ga ƙasa mai ni'ima kamar Birnin Gwari?

Saboda haka ga abin da ake roƙon kowane manomi bana. In zai yi sharar gona, ya bar kaɗanya da ɗorawa, manya da ƙanana. In inuwa ta yi wa shuka yawa, a rage reshe, kada a sare gindi. Kada a tara yayi a jikin ice a cinna wuta. Ɗalibin yaƙi da jahilci kuma ya ɗauki fensir ya ƙirga itatuwan gonarsa, ya rubuta, baɗi ya sake ƙirgawa. Masu unguwanni da dagatai su sa ido, mata kuma su yi magana, domin su ne asarar ke fara taɓawa.

Masu iya magana sun ce damina uwar albarka. Allah ya kawo ta lafiya, ya ba da zaman lafiya mai ɗorewa, ya cika rumbuna. Amin.