Yafiya a Rayuwar Kirista

Yau maganar yafiya za mu yi.

Kirista yana yafewa ne domin shi ma Allah ya yafe masa. Yesu Almasihu yana kan gicciye ya roƙa wa masu kashe shi gafara.

Ku dubi Fasto James Wuye na Kaduna. Ya rasa hannu a wani rikici da aka yi a 1992. Zuciyarsa ta daɗe tana tafasa, amma ya yafe. Ya yafe, har shi da tsohon abokin gabarsa, Imam Muhammad Ashafa, suka kafa cibiyar sasanta Kirista da Musulmi.

Ɗan'uwa, wa kake riƙe da shi a zuciya? Kafin Lahadi ta zo, je ka same shi, ka yafe masa. Allah ya ba mu iko. Sai an jima.