Jajibirin Sabuwar Shekara a Unguwar Sinawa ta Landan

An ce in yi bayani a kan kwas ɗin da ma'aikatarmu ta tura ni Ingila a 2024. To, na san maganar kwas gyangyaɗi za ta sa ku, saboda haka labarin yammaci guda kurum zan ba ku.

Ran Alhamis, 8 ga Fabrairu, bayan an tashi daga aji, na shiga unguwar Sinawa da ke Soho a tsakiyar Landan. Saura kwana biyu su shiga sabuwar shekararsu. Su ma da wata suke lissafi, amma bayan shekara biyu ko uku sukan ƙara wata na 13, shi ya sa bikin ba ya wuce tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, ba ya zagaya shekara kamar Sallarmu. Asalin unguwar tasu a Limehouse take, can bakin tashar jiragen ruwa. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka dawo nan, da yawansu mutanen Hong Kong masu gidajen abinci.

Jama'a, titin Gerrard ranar sai ka ce kasuwar jajibiri. An rataya jajayen fitilu daga wannan bene zuwa wancan, ga gasassun agwagi a tagogi (ga kuma naman da ba namu ba, na kau da kai). Mata na ta zaɓen lemo mai ganye a jiki, ana sayen jajayen ambulan da ake sa wa yara kuɗi a ciki, wato dai barka da Sallah. Ko'ina shara ake yi da goge-goge, don ranar bikin ba a taɓa tsintsiya, wai kada a share arziki.

Sanyi ya kore ni cikin wani ɗan kanti. Nan na tarar da wani mutum yana ƙirga wa tsohuwar da ke kantin kuɗi, alhali bai sayi komai ba. Ta buɗe wani littafi, ta ja layi a kan wani rubutu, suka yi dariya, ya fita. Da na tambaye ta, sai ta ce bashi ya biya, don a al'adarsu abin kunya ne mutum ya shiga sabuwar shekara da bashin tsohuwa a wuyansa.

Wallahi sai na ji jikina ya yi sanyi. Ranar da muka gama jarrabawar ƙarshe a makarantar nan ba ni da kuɗin mota, wani ɗan ajinmu ya ranta mini naira 1,500 daga nasa guzurin. Shekara 16 ke nan, na yi digiri, na kama aiki, har na hau jirgin sama, ban biya shi ba. Kullum sai in ce ai ƙaramin abu ne, ya manta.

A daren na buga masa waya. Bai manta ba. Ya ce ranar daga tasha a ƙasa ya ƙarasa ƙauyensu. Yana cikin ɗakin nan, ba zan faɗi sunansa ba. Na biya, amma har yanzu muna jayayya, don ya ce nairar wancan lokaci ya ba ni.